Yadda Ake Karanta Fuska a Zanen Fentin Ruwa: Mutum Aka Zana, ko Irin Mutane?

Fentin ruwa ba ya rufa wa mai zane asiri. Wanda yake aiki da fentin mai, in hanci ya karkace masa, sai ya jira ya bushe ya shafa wani a kai, ba mai sani. Mai fentin ruwa ba shi da wannan gata. Launinsa garai-garai yake, ana hango na ƙasa ta cikin na sama, kuma inda burushi ya taɓa takarda ya taɓa ke nan. Wannan ne ya sa zanen fuska da fentin ruwa ya fi kowane irin zane nuna inda mai zanen ya tsaya ya dubi mutum da kyau, da inda ya yi sauri domin a ganinsa ya riga ya san abin da ke gabansa.

Tambayar da za ka riƙe daga farko har ƙarshe guda ce: wannan takarda wane ta nuna, mai suna da hali da damuwarsa, ko kuwa samfurin wasu mutane ne da aka kawo wa masu kallo daga nesa su gani? Zane ɗaya yana iya ɗaukar duka biyun, kuma galibi haka ake samu. Aikinka shi ne ka gano a wane gefen takardar kowanne yake.

Mataki na farko: kalla kafin ka karanta

Ka rufe sunan zanen da bayanin da ke ƙarƙashinsa. Ka ba shi minti 5 cur, ka rubuta abin da idonka ya gani kawai: mutum nawa ne, ina suke kallo, daga ina haske yake zuwa, wane wuri ne ya fi duhu, ina aka bar takarda fara. Kada ka rubuta "yana baƙin ciki" ko "tana da girman kai" tukuna. Rubuta "leɓɓansa a haɗe suke, girar hagu ta ɗan sauka". Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da ke kan takarda ta biyo ta hannun wani, don haka sai ka fara tambayar hannun.

Mataki na biyu: bi sawun ruwan

Nan ne ya kamata ka daɗe, domin wanda bai san yadda fentin yake aiki ba zai ɗora wa zane ma'anar da ba ta cikinsa.

Fentin ruwa garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, ake tsarma shi da ruwa. A tsarinsa na asali babu farin fenti. Hasken da kake gani a goshi ko a kan kunci takardar ce kanta aka bari ba a shafa ba. Ke nan dole mai zane ya yanke shawarar inda haske zai kasance tun kafin ya jiƙa burushi, sannan ya tafi daga launi mai haske zuwa mai duhu, shafi bisa shafi. Ka nemi waɗannan wuraren da aka bari. Idan ka ga ɗan ɗigon fari a ƙwayar ido, ɗan ƙaramin haske a leɓen ƙasa, wani a karan hanci, to mai zanen ya tsara fuskar tun farko, ya kiyaye ta. Idan kuwa an bar haske a kan sarƙa da awarwaro da takobi, amma fuska an shafe ta da launi ɗaya baki ɗaya, ka san abin da ya fi jan hankalinsa.

Sai ka dubi fata. Ba a samun fatar mutum mai launi guda. A fuska mai duhu akwai ja-ja a kunci, akwai shuɗi-shuɗi ko shunayya a inda hasken sama ya sauka, akwai ruwan goro a inda haske ya dawo daga riga. Mai zanen da ya kalla da gaske zai gina wannan da shafi uku ko huɗu masu sirara, yana barin kowanne ya bushe kafin ya ɗora na gaba. Wanda bai kalla ba zai dama ruwan ƙasa mai kauri ya shafa sau ɗaya, fuskar ta fito kamar an toshe ta. Ni a wurina wannan shi ne ma'auni mafi gaskiya a dukkan aikin, domin ba a iya yin sa da baki. Ko dai an ba fatar lokaci ko ba a ba ta ba. Ka gwada ƙirga shafin da ke fuska da wanda ke kan tufafi, ka ga wanne ya fi yawa.

Bayan haka gefuna. Idan aka shafa launi a busasshiyar takarda, yana tsayawa da kaifin baki. Idan aka shafa a jiƙaƙƙiya, yana malala ya narke cikin na kusa da shi. Masu zane suna amfani da kaifi a inda suke son ido ya tsaya, su bar narkewa a inda ba su damu a tsaya ba. Ka duba ko iyakar mutumin da bayansa a yanke take ko a narke. Mutumin da aka yanke tsaf aka ajiye a kan farar takarda, ba ƙasa ba bango ba inuwa, an cire shi daga duniyarsa, kuma wannan shi ne tsarin da masu tattara bayanan tsirrai da tsuntsaye suke bi. Wanda kuma ya narke cikin itatuwa da duwatsu har ba a rarrabe shi da su, an mayar da shi wani ɓangare na shimfiɗar ƙasa. Duka biyun suna iya zama hanyar mayar da mutum bare. Amma a yi hattara: narkewar gefe a hannun wani mai zanen tausayi ce, ko nuni da cewa mutum ba ya kamuwa a zane ɗaya. Alama ce kake tarawa, ba hukunci ba.

Mataki na uku: ido da tsayuwa

Wa yake kallon wa? Mutumin da aka zana ta gefe, ko aka zana shi gaba da baya a takarda ɗaya, an tsayar da shi ne don a duba shi. Wanda ya zuba maka ido yana duba ka kai ma. Ka lura kuma da tsayin idon mai zanen: daga sama ya kalle shi, daga ƙasa, ko a zaune suke daidai da juna?

Zanen John Singer Sargent mai suna Bedouins (wato Larabawan hamada makiyaya), wanda ya yi a tafiyarsa ta Siriya da Falasɗinu tsakanin 1905 da 1906, wuri ne mai kyau na gwada wannan. Yana gidan tarihin Brooklyn a Amurka, wanda ya sayi zanen fentin ruwa 83 na Sargent a 1909. Mutum biyu ne cikin shuɗin tufafi suna fuskantar mai kallo. An yi wa fuskokinsu aiki sosai, idanun suna da kaifi, amma ƙasan takardar ya tafi a malale kamar ba a gama ba. Idan ka bi ruwan, za ka ce ya dube su da kyau. Idan ka karanta sunan zanen, za ka ga bai ba su suna ba, sunan al'ummarsu kawai ya rubuta. Ga wane, ga kuma irin su wane, a takarda guda. Kada ka zaɓi ɗaya ka jefar da ɗaya, ka rubuta duka.

Mataki na huɗu: yanzu buɗe sunan

Ka karanta sunan zanen da duk rubutun da ke jikin takardar, har da na baya idan gidan tarihin ya nuna shi. Akwai suna? Akwai gari, shekaru, sana'a? Ko kuwa "wata mace daga ƙasa kaza" ce kawai? Wa ya rubuta, mai zanen ko wani da ya sayi zanen daga baya? Sau da yawa sunan da muke gani yau ba mai zanen ne ya sa shi ba.

Samun suna ba ya nufin komai ya daidaita. A Delhi, wajen 1815 zuwa 1819, William Fraser, jami'in kamfanin Ingila mai mulkin Indiya, da ɗan'uwansa James sun sa masu zane 'yan Indiya sun yi musu kundin hotunan ƙauyawa da sojoji da makaɗa. An rubuta sunayen da yawa daga cikinsu, kuma fuskokin sun bambanta ƙwarai, ba wanda ya yi kama da wani. Duk da haka wanda ya ba da aikin mai iko ne a kan mutanen da aka zana. Ga hannun ɗan ƙasa, ga kuɗin baƙo mai mulki. Irin wannan zane ba ya shiga aljihu ɗaya, kuma shi ya kai mu ga mataki na gaba.

Mataki na biyar: wa ya aiko, wa zai gani

Fentin ruwa ba shi da nauyi, yana bushewa nan da nan, akwatinsa yana shiga jaka. Kafin kyamara ta yaɗu, shi ne abin da matafiya da sojoji da jakadu suke ɗauka. Eugène Delacroix ya cika littattafansa da shi lokacin da ya bi tawagar jakadancin Faransa zuwa Maroko a 1832. Emil Nolde ya zana fuskokin mutanen Niu Gini da shi a 1913 da 1914, yana cikin tawagar da hukumar mulkin mallakar Jamus ta tura. Saboda haka dole ka nemi amsar abubuwa uku: wa ya biya kuɗin tafiyar, su wa aka yi niyyar nuna wa zanen, kuma mutumin da ya zauna yana da ikon ya ce a'a?

Misalin da ya fi koyar da wannan shi ne na John White. A 1585 ya bi tawagar Ingila zuwa tsibirin Roanoke, a gaɓar da yau take cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya zana mutanen Algonquian, 'yan asalin wurin, da ya tarar. Masu tafiyar suna neman waɗanda za su zuba dukiya a kafa mazauni, don haka zanen yana da aikin da zai yi a Landan: ya nuna ƙasa mai albarka da mutane masu zaman lafiya. A ɗaya daga ciki akwai matar wani shugaban garin Pomeiooc da 'yarta, kuma yarinyar tana riƙe da 'yar tsana sanye da kayan matan Ingila. Ka tsaya a kan wannan 'yar tsana. Ga mai kallo a Landan tana cewa mutanen nan suna son kayanmu, za a yi ciniki da su. Amma tana kuma nuna cewa baƙunta ta kowane ɓangare ce, domin a hannun yarinyar, Baturiya ce abin mamaki da ake juyawa ana dubawa.

Idan an buga zanen a littafi, ka nemo bugun ka ajiye shi kusa da na asali. A 1590 Theodor de Bry ya sassaƙa zanen White a farantin jan ƙarfe ya buga a Frankfurt. Ya sauya tsayuwar mutanen da ƙirar jikinsu suka koma kama da gumakan tsohuwar Turai, ya kuma ƙara musu shimfiɗar ƙasa a baya. Mafi yawan Turawa bugun suka gani, ba zanen ba. Duk abin da ya canja tsakanin biyun yana gaya maka abin da ake ganin masu saye suna so.

Mataki na shida: nemi hannun wanda aka zana

Kuskuren da masu sharhi da yawa suke yi, har da masu kyakkyawar niyya, shi ne su ɗauka wanda ya zauna gaban mai zane ba shi da ta cewa. Wannan ma wata hanya ce ta shafe shi. Mutane suna zaɓar rigar da za su sa, da abin da za su riƙe, da yadda za su ɗaga kai.

Karl Bodmer, ɗan ƙasar Suwizalan, ya bi Yarima Maximilian na Wied suka haura kogin Missouri a Amurka, suka yi hunturun 1833 zuwa 1834 a Fort Clark, kusa da mutanen Mandan, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar. A can ya zana shugabansu Mató-Tópe sau biyu, sau ɗaya cikin cikakkiyar shigar girma da hular gashin tsuntsu, sau ɗaya kuma da zanen yaƙi a jikinsa. Wanda bai sani ba zai ga ado ne kawai na ban mamaki. Alhali kowane abu a jikin nan tarihi ne da mutanensa suke iya karantawa. Wuƙar katako da ke cikin gashinsa, alal misali, tana tuna wani shugaban ƙabilar Cheyenne da ya kashe a faɗan hannu da hannu. Shi ya shirya kansa haka, da saninsa. Har ma ya karɓi takarda da fenti ya zana wannan faɗan da hannunsa. A 1837 cutar agana ta kusa ƙarar da Mandan, shi ma a cikinta ya rasu. Yawancin zanen Bodmer suna gidan tarihin Joslyn da ke Omaha.

Abin da za ka yi a aikace: ga kowane abu da ke jikin mutumin, ka tambayi ko wa ya kawo shi wurin. Idan ka ga mayafi ɗaya ko takobi ɗaya yana yawo a zanen mutane dabam-dabam na mai zane guda, to daga akwatin mai zanen ya fito. Idan kuwa abin yana da ma'ana ga al'ummar mutumin, ka nemi bayaninsa daga bakinsu ko rubutunsu, kada ka ƙirƙira.

Mataki na bakwai: idan mai zanen da gangan yake wasa da tambayar

Masu zane na wannan zamani sun san duk wannan tarihi, wasu kuma da shi suke aiki. A nan ma'aunan da suka gabata suna iya juyewa, don haka kada ka ɗora su kai tsaye.

Marlene Dumas, wadda aka haifa a Cape Town a 1953 ta girma ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata kafin ta koma Holan, ta yi wani aiki a 1991 da 1992 mai suna Black Drawings. Fuskoki ne na baƙaƙen mutane fiye da 100, da tawada da ruwa, an jera su layi-layi a bango. Daga nesa jeri ne irin na masu rarraba mutane gida-gida. Da ka matso sai ka ga ruwan ya bi hanya dabam a kowace takarda, babu fuskar da ta maimaita wata. Ta ɗauki tsarin da ake mayar da mutane samfuri da shi, ta sa ya kasa aikinsa. Daga hotuna take zane, ba daga mutanen da suka zauna gabanta ba, kuma wannan ma abin lura ne: abin da take bincike shi ne yadda aka riga aka kalli mutanen.

Chris Ofili, haifaffen Manchester a 1968, ya shafe shekaru 10 daga 1995 yana zana ƙananan kawunan baƙaƙen maza da mata da fentin ruwa, aka nuna su a gidan tarihin Studio Museum da ke unguwar Harlem a New York a 2005. Ba su da suna, kuma daga tunaninsa suka fito. Da ma'aunin mataki na huɗu za ka iya cewa rashin suna alamar samfuri ce, amma ba haka ba ne a nan. Babu wani mai rai da aka ƙwace wa suna, kuma kowace fuska an ba ta gashinta da adonta da launin fatarta. Don haka kafin ka yanke, ka tambayi inda mai zanen yake tsaye game da mutanen da yake zanawa. Wannan bai nufin ɗan gida ba ya kuskure ko baƙo ba ya gani. Nufinsa dai alama ɗaya tana sauya ma'ana gwargwadon hannun da ta fito.

Mataki na takwas: duba idonka, duba lafiyar takardar

Koma kan abin da ka rubuta a minti 5 na farko. Waɗanne abubuwa ne suka zo maka a matsayin baƙi, kuma baƙi ga wa? Abin da ya ba ka mamaki yana iya zama kayan yau da kullum ga mai shi. Sa'ad da za ka rubuta sharhinka, ka raba abu uku kada su cakuɗe: abin da ke kan takarda, abin da tarihi ya tabbatar, da abin da kai ka fahimta. Kowace fahimta ka ɗaure ta da wani wuri a zanen da mai karatu zai iya zuwa ya duba. "An wulaƙanta ta" magana ce da ba a iya gwadawa. "An yi wa ɗankunnenta shafi huɗu, fuskarta ɗaya" ana iya gwadawa, kuma ya fi ƙarfi.

Sannan ka tabbatar launin da kake hukunci a kansa shi ne wanda mai zanen ya sa. Fentin ruwa yana koɗewa a haske, shi ya sa gidajen tarihi suke nuna shi a haske mai rauni, wajen lus 50 (lus ma'aunin ƙarfin haske ne), na 'yan watanni kawai kafin a mayar da shi akwati. Wasu jajayen launuka na da suna saurin gushewa, sai fuska ta koma fari-fat ko ruwan toka. Farin da aka yi da darma, wanda wasu suke ɗigawa a inda suke son haske, yana iya komawa baƙi da shekaru. Takarda kanta tana yin rawaya, ta sauya duk abin da ke kanta. Zanen John White sun jiƙe sharkaf lokacin da aka kashe wata gobara a Landan a 1865, launinsu ya fita ya manne a takardun da ke tsakaninsu, kafin Gidan Tarihin Birtaniya ya saye su a 1866. Allon waya ma yana ƙara nasa. Idan a intanet kake kallo, ka buɗe hoton daga shafin gidan tarihin da yake ajiye da zanen, ka faɗaɗa shi har ka ga ƙurajen takardar, ka karanta bayanin gyaran da aka taɓa yi masa idan sun saka, sannan ka kwatanta shi da wani zanen na mai zanen da aka yi a shekarar kafin ka ce wani abu game da launin fata.